Malamin Gidanku Zai Tafi Koyarwa Waje? Shawarwari Ga Iyalan Adar

Ba a koya wa Ba'adare tafiya. Tun zamanin kakanni, da an gama girbi an ɗaure dammunan hatsi, samarin Kalfu da Barmu da Tamaske da Keita sai su kama hanyar biɗa. Wasu su nufi Abijan, wasu Kano da Legas, wasu Kamaru da Gabon, daga baya kuma Libiya da Aljeriya suka shigo ciki. Gidaje da yawa a birnin Tawa da kuɗin tafiya aka gina su.

A ƴan shekarun nan wani irin matafiyi ya shiga sahu, wanda jarinsa takardun makaranta ne da harshen da ya ƙware a kai. Wani a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya karanta Ingilishi, wani a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wani kuma Gana aka tura shi ya goge bakinsa. Akwai masu kai Faransanci makarantun kuɗi na Sakkwato da Kano da Abuja, akwai masu neman koyar da Ingilishi a ƙasashen Larabawa ko Asiya. Mu ma ana zo mana. Makarantu masu zaman kansu a biranenmu sun daɗe suna ɗaukar malamai daga Benin da Togo da Gana da Najeriya, kuma tun 26 ga Maris 2025, da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, mai koyar da Ingilishi ya ƙara daraja.

Abu biyu suka fi karya malamin da yake baƙo. Ko dai a ce masa shekarunsa sun yi yawa, ko ya samu saɓani da mai makaranta a ƙasar da zamansa ma a hannun mai makarantar yake. A ganina rabin wannan rigima a gida ake cin ta ko a faɗi, tun kafin a sayi tikitin mota. Shi ya sa shawarwarin nan ba na malamin kaɗai ba ne. Na uwarsa ne da matarsa da yayyensa, da duk wanda zai jira saƙo a ƙarshen wata.

1. Ku tabbatar ƙofar a buɗe take kafin a sayar da ko akuya ɗaya

Tallar "ana neman malaman Ingilishi" da ke yawo a WhatsApp da Facebook ba ta faɗin waɗanda doka ta riga ta cire. Koriya ta Kudu ta ware bizar koyar da Ingilishi ga ƴan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Mai fasfon Nijar ba ya cikin lissafi, ko da ya fi haifaffen Landan sanin nahawu. Shirinsu na saka malamai baƙi a makarantun gwamnati, EPIK, ba ya ɗaukar wanda ya kai shekara 62. A ƙasar Sin izinin aiki kan yi wuyar samu ga wanda ya haura 60, kuma a Yulin 2021, da gwamnati ta takura kamfanonin darasin bayan makaranta, dubban malamai baƙi masu koyarwa ta intanet suka wayi gari ba aiki.

Ban ɗauki wannan adalci ba, domin fasfo ba ya shiga aji ya koyar da yaro. Amma dokarsu ke nan, kuma dillalin da ya ce muku zai "gyara komai" yana nufin zai shigar da ɗanku ta hanyar da in ta ɓaci ba mai kare shi. Ku tambaye shi sunan makarantar da garin da take, irin bizar da za a bayar, da iyakar shekarun da aka sa. Sannan a tabbatar da amsoshin a ofishin jakadancin ƙasar, a Yamai ko a Abuja. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

2. Kada a taɓa shekarun da ke kan takarda

A nan zan daɗe, domin wannan ciwon namu ne. Da yawa daga cikin malamanmu da suka haura arba'in a ƙauye aka haife su, a ɗakin uwa, ba wanda ya je ya rubuta. Sai da lokacin makaranta ko jarrabawa ya zo aka je gaban alƙali da shaidu, aka samo takardar madadi mai cewa an haifi wane wajajen shekara kaza. Da aka zo yin fasfo sai aka sa masa 1 ga Janairu. Babu laifi a cikin wannan, haka zamanin ya zo.

Sai dai sauƙin da abin ya zo da shi ya sa wasu suke ganin shekaru abin gyarawa ne. Mutum ɗan 52 ya ji makaranta na son ƴan ƙasa da 45, sai wani ɗan'uwa ya ce masa, "Yaya, ai sabuwar takarda kawai za a yi." Don Allah ku hana. Takardar BEPC da ta bakaloriya da ta jami'a duk tsohuwar ranar haihuwa suke ɗauke da ita, haka ma rajistarsa a asusun fansho na CNSS, kuma yanzu ofisoshin jakadanci da zanen yatsa suke aiki. Ko an tsallake wannan, babban haɗarin yana gaba. Ranar da ya kai ƙarar mai makaranta a kan albashin wata huɗu, lauyan makaranta zai buɗe fayil ɗinsa ya jera takardun. Da an ga sun saɓa, mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma, kwantiragin ya rushe, kuɗin ya tafi, wataƙila har da tsarewa da kora. Sannan wanda ya rage wa kansa shekara bakwai ya ƙara wa kansa shekara bakwai na aiki kafin fansho, a lokacin da gwiwa da ido suka san gaskiyar lissafi.

Ga abin da ya kamata gida ya yi. A fito da takardunsa duka a shimfiɗa a kan tabarma, a bi su ɗaya bayan ɗaya. A duba ranar haihuwa, a duba rubutun suna, domin sau da yawa a wannan takarda Mahamadou ne, a waccan Mamadou, a fasfo kuma Mohamed. Inda aka ga saɓani a gyara ta hanyar kotu tun yana gida. Bayan haka a kai takardun karatu ma'aikatar harkokin waje a Yamai a buga musu hatimi, a kuma ba mai fassara da kotu ta rantsar ya juya su zuwa harshen ƙasar da za shi. Aikin yana cin makonni, saboda haka kada a bari sai an kira shi.

3. In aka ce ya tsufa, ku duba aljihun mai maganar

Ba kasafai ake faɗa wa mutum kai tsaye ba. Cewa ake, "Iyaye sun fi son matashi," ko "Muna son sabon jini," ko "Malam, aikin yanzu na kwamfuta ne." A ƙarƙashin maganar yawanci kuɗi ne. Malamin da ya yi shekara ashirin a aji yana da iyali, ya san haƙƙinsa, ba zai karɓi ɗaki ɗaya a bayan makaranta ba. Yaron da ya gama jiya zai karɓi rabin albashin ya yi godiya.

Dokoki da yawa sun hana wannan. A Nijar, sashe na 5 na dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 ya hana mai ɗaukar aiki ya duba shekaru ko jinsi ko asali ko addini wajen ɗauka da biya da sallama. Amurka tun 1967 take da dokar da ke kare ma'aikacin da ya kai 40. Najeriya ma a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malaman gwamnati zuwa 65, ko shekara 40 na aiki, saboda ta ga asarar da ake yi in ƙwararru suka bar aji da wuri. Wahalar ita ce hujja, domin ba mai rubuta maka cewa furfura ce ta sa ya kore ka. Don haka duk tallar aiki da aka sa iyakar shekaru, duk saƙon waya da aka ambaci tsufa, a ɗauki hotonsa a adana.

Kuma kada malamin ya je kasuwar da ba tasa ba. Makarantar ƙananan yara mai son wanda zai yi tsalle da waƙa daga safe zuwa yamma ba ta dattijo ba ce. Inda shekaru suke da farashi shi ne shirya ɗalibai jarrabawa, shugabancin sashe, horar da sababbin malamai, da koyar da manya, ƴan kasuwa da ma'aikatan ofis. Ya tafi da shaidar sakamakon ɗalibansa, da wasiƙar shugabannin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu. In hali ya yi, ya ƙara da takardar da duniya ta sani, irin CELTA ta Kambirij, wadda horonta wajen awa 120 ne. Jarrabawar IELTS kuwa shekara biyu sakamakonta ke aiki, kada a biya kuɗinta sai tafiya ta matso.

Ku kuma ƴaƴa da ƙanne, ku zauna da baba ko yaya ku nuna masa yadda ake darasi ta Zoom da yadda ake shirya jarrabawa a kwamfuta, cikin ladabi, ba tare da dariya ba. Wata ɗaya na irin wannan zama ya isa ya toshe bakin mai cewa ba zai iya ba.

Matashin da aka ɗauka da sauri shi ma ya yi tambaya ɗaya: wanda ya riƙe ajin nan kafin ni, me ya fitar da shi? Abin da aka yi wa wancan shi ke jiran wannan.

4. Magana ba ta isa ba, sai takarda

Mu a Adar da amana muka saba. Maigida a Abijan kan ɗauki ɗan ƙanensa a shago ba tare da rubutu ba, domin in ya cuce shi magana za ta iso garinsu kafin shi, kuma akwai dattawan da za su zaunar da shi. Mai makaranta a wata ƙasa ba shi da kowa a Tawa da zai ji kunyarsa. Abin da zai riƙe shi takarda ce da sa hannu.

A tabbatar kwantiragin ya faɗi albashi da lamba, da irin kuɗin da za a biya, da ranar biya. A duba ko wata goma sha biyu ake biya ko tara, domin makarantu da yawa ba sa biyan dogon hutu, sai malami ya ga Yuli da Agusta da Satumba ba ko dala. A duba awa nawa zai yi a aji cikin mako, ko gyaran takardu da darasin Asabar suna ciki, da abin da za a ba shi in an ƙara masa aji. A duba wa zai biya kuɗin tafiya da dawowa, wa zai biya asibiti, watanni nawa ne na gwaji, kwana nawa na sanarwa kafin sallama, da tarar da za a ɗora masa in shi ne ya bari kafin lokaci.

Batun masauki yana buƙatar ido biyu. Ɗakin da makaranta ta bayar yana da daɗi a farko, amma ranar da aka sallame shi aiki da wurin kwana tare suke tafiya. A rubuta kwana nawa yake da su kafin ya tashi.

A tambayi kuma wane harshe ne kotu za ta bi. A Saudiyya rubutun Larabci shi ne abin dogaro in an samu saɓani, ko da an ba shi kwafi da Ingilishi. A can doka ta ba ma'aikaci kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan haka. Wanda bai san da wannan ba zai dawo ya bar haƙƙinsa.

Kafin ya sa hannu, ya turo takardar gida. A kai wa wanda ya san abin, ko tsohon ma'aikaci, ko wani jami'in ƙungiyar malamai irin SNEN, ko malamin shari'a a Jami'ar Djibo Hamani nan Tawa. In kuma ya sauka aka miƙo masa wata takarda daban da wadda aka turo, kada ya sa hannu a ranar, komai gajiyarsa.

5. Izinin zama da izinin aiki su zama na gaskiya

"Ka zo da bizar ziyara, in ka iso za mu canza." Wannan jumla ta jefa mutane da yawa cikin wahala. Wanda ya shiga Saudiyya da bizar umara ya tsaya koyarwa ba shi da bakin kai ƙara ko'ina, kuma mai makaranta ya san haka. Gyaran da Saudiyya ta yi a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar canza wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai kafili ya yarda ba, mai iƙama da kwantiragi mai rajista kaɗai yake amfana.

Ko a maƙwabta kada a saki jiki. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, Hausawa da yawa suka baro dukiyarsu a zango. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka a Najeriya, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, har da ƴan Nijar, kuma makarantu da dama suka rasa malamansu ƴan Gana. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun tafiyarmu har sai ta sanar da wani abu, amma alfarma ce da za a iya janyewa. Mai koyarwa a Sakkwato ko Kano, duk da harshe ɗaya da dangi a ko'ina, ya mallaki katin zama, ya yi rajista a ƙaramin ofishin jakadancin Nijar, ya kuma nemi rajistar hukumar malamai ta TRCN.

6. Fasfo a hannun mai shi

Ba a bar wa mai makaranta fasfo ko takardun karatu na asali "don a ajiye." A nuna, a ba da kwafi, a mayar aljihu. In dole sai an karɓa don aikin biza, a karɓi rasit mai kwanan wata. A gida kuma a samu jaka ɗaya da kwafin komai, har da kwantiragi da adireshin makaranta da lambar wani ɗan gari da ke zaune a can. Uwargida ta san inda jakar take.

7. Ku auna albashin da kuɗin cefanen Tawa

Lamba mai sifili da yawa tana ruɗi. Kafin Yunin 2023 dalar Amurka wajen naira 460 take a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi. Malamin da ke karɓar naira yana aiko wa gida ya ga albashinsa, ba tare da an rage masa ko kwabo ba, ya zubar da fiye da rabin darajarsa a hannun ƴan canji na Kwanni. A cikin wannan lokacin kuma, daga ƙarshen Yulin 2023 har Maris 2024, iyakar Kwanni da Illela ta Najeriya a rufe take.

A cire kuɗin haya da abinci da mota da sabunta takardu da ladan aike, a ga jaka nawa za su iso. In abin da ya rage bai wuce abin da zai samu a wata kwaleji a Tawa ko Madawa ba, ga kuma gonarsa kusa da damina, to tafiyar ba ta da riba sai suna.

8. Kada ku zama igiyar da za a ɗaure shi da ita

Wannan ce shawarar da ta fi damuna, kuma ita ce mutane ba sa son ji. Malamin da ake zalunta a waje yawanci ya san ana zaluntarsa. Abin da ke hana shi magana shi ne wayar da ke shigowa daga gida. Hatsi ya ƙare, an sa ranar bikin ƙanwa, ga kuɗin makarantar yara, ga ragon layya, ga ginin da aka fara saboda an ji ya samu aiki. Mutumin da baki goma sha biyar ke jiran albashinsa ba zai iya cewa mai makaranta a'a ba. Za a ƙara masa aji ya karɓa, a jinkirta masa albashi ya yi shiru, a rage masa matsayi a ba yaro ya haɗiye. Masu makaranta sun iya gane wanda ba shi da wurin komawa.

Saboda haka watanni ukun farko kada a ɗora masa komai. A bar shi ya tara kuɗin motar dawowa da na cin wata biyu, a ajiye su inda ba hannun makaranta, a ɗauke su kamar irin shuka, wanda ko yunwa ta matsa ba a kai shi turmi. Kada a ci bashi da sunan albashin da bai shigo ba. Kada a saki gona, kada a rufe ƴar sana'ar da matarsa take yi, kada a bar noman albasa na rani in ana yi.

Makarantar ma tana iya faɗuwa, kuma ba ƙananan makarantu kaɗai ke faɗuwa ba. A Oktoban 2007 kamfanin Nova, mafi girman makarantun koyon Ingilishi masu zaman kansu a Japan, ya durƙushe. Dubban malamai baƙi suka tsaya da albashin da ba a biya ba, wasu aka fitar da su daga gidajen da kamfanin ya kama musu. Waɗannan ƴan ƙasashe masu ƙarfi ne, da ofisoshin jakadanci masu kuɗi, amma duk da haka sai da wasu suka rasa kuɗin jirgi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne kunya. A wurinmu wanda ya dawo daga tafiya hannu wofi kan shigo gari da dare. Ku faɗa masa tun yana gida, da bakin mahaifi ko babban wa, cewa in abin bai yi ba ya dawo, ɗakinsa na nan, ba wanda zai goranta masa. Wannan magana tana ba mutum ƙarfin tsayawa a gaban wanda ya raina shi.

9. Ranar da rigima ta tashi

Kada ya bar aiki cikin fushi. Wanda ya daina zuwa da kansa ya ba mai makaranta hujjar cewa guduwa ya yi, a wasu ƙasashe ma a kai sunansa ga hukumar shige da fice. Kada ya ɗaga murya a gaban ɗalibai, kada ya zagi kowa a Facebook, domin a ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha ɓata suna a intanet laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Kada ya sa hannu a takardar da ke cewa ya karɓi duk haƙƙinsa alhali bai karɓa ba, ko takardar ajiye aiki da wani ya rubuta masa.

Ya fara da wasiƙa cikin ladabi, mai kwanan wata, da ke faɗin abin da yake bi da lamba, ya riƙe kwafi. Ya kasance yana da littafin da yake rubuta awannin da ya koyar da ranar da aka biya shi, tun daga watan farko. In wasiƙa ba ta yi ba, ya nemi shugaban ƴan Nijar na garin ko sarkin Hausawa su je tare, sau da yawa a nan magana ke mutuwa. In ta ƙi, sai ofishin ƙwadago. A ƙasashe masu bin tsarin Faransa sufeton ƙwadago ne ke fara sulhu kafin kotun ma'aikata. A Najeriya akwai kotun masana'antu ta ƙasa, mai reshe a Sakkwato da Kano. A Saudiyya ma da sulhu ake farawa, kuma wanda ya bari wata 12 suka wuce bayan rabuwa da aiki ƙararsa ba ta karɓuwa. Kowace ƙasa da nata wa'adi, saboda haka haƙurin da ya yi tsawo yana iya cinye haƙƙi.

A sani kuma kotu tana da jinkiri ko a inda doka ke da ƙarfi. Malamai baƙi masu koyar da harsuna a jami'o'in Italiya sun kai ƙara a kan bambancin albashi da matsayi tsakaninsu da ƴan ƙasa. Kotun Tarayyar Turai ta ba su gaskiya a 1989, ta sake a 1993 da 2001 da 2006, amma har 2023 sai da aka sake maka Italiya a kotu a kan maganar. Da yawansu sun yi ritaya, wasu sun rasu suna jira. Don haka in sulhu ya kawo kaso mai tsoka a rubuce, a gaban hukuma, da takardar shaidar aiki mai tsabta, ni ina ganin a karɓa.

10. Mai aikin gwamnati kada ya sulale

Malamin da ke da lambar aiki a gwamnati ya nemi izinin dakatar da aiki na wani lokaci a rubuce, ya jira amsa. Wanda ya bar ajinsa a Buza ko Abalak ya tafi ba sallama an rubuta shi cikin masu gudun aiki, shekarun da ya tara suna cikin haɗari, kuma yaran da ya bari ƴaƴan wasu ne. Ɗan kwantiragi, wanda ya san ɗacin jiran kuɗin wata, shi ma ya karɓi takardar shaidar shekarun da ya koyar kafin ya tafi.

A tambayi batun tsufa tun yanzu. A Najeriya dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusu mai sunan ma'aikacin, sai ya duba ko ana zubawa da gaske. A Saudiyya baƙo ba ya cikin tsarin fanshon ƙasa, kuɗin sallama ne kaɗai rabonsa. In haka ne, gida ya mai da wani kaso na saƙonsa fili ko dabbobi da sunansa, ba da sunan gida duka ba.

11. In malama ce

Ita ta gefe biyu ake yanka ta. Tana ƙarama a ce za ta yi aure ta haihu ta bar aji, ta manyanta a ce ba ta da kuzari. A duba abin da kwantiragi ya ce a kan ciki da haihuwa. A Nijar hutun haihuwa mako 14 ne, ba ko'ina ake ba da haka ba. Masaukinta kada ya zama cikin gidan mai makaranta, kuma ta san wata mace ƴar gida a garin da za ta iya kwana wurinta in dare ya yi mata. In ta kira ta ce ana takura mata ta hanyar da ba ta dace ba, ku yarda da ita, ku aika kuɗin mota, tambayoyi su biyo baya.

12. Baƙon malamin da ke koyar da ƴaƴanku

Wasu dattawanmu a bakin ƴan sa-kai na Amurka, Peace Corps, suka fara jin Ingilishi, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 har Janairun 2011. Su gwamnatinsu na bayansu. Malamin da ya zo daga Kumasi ko Kwatano ko Zariya yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwarku ba shi da kowa, kuma duk abin da na lissafa a sama yana iya samunsa a hannunmu.

Doka ta ce kwantiragin baƙo ya zama a rubuce, hukumar samar da aiki ta ANPE ta buga masa hatimi, kuma neman hatimin nauyin mai makaranta ne. Dole a yi masa rajista a CNSS. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa jaka 42 ne tun Janairun 2024, kuma wannan na ma'aikaci mafi ƙanƙanta ne, ba na mai digiri ba. Ku iyaye kuna da bakin magana, domin kuɗinku ne ke tafiyar da makarantar. A taron iyayen yara ku tambaya ko ana biyan malamai a kan lokaci, ko ana biyansu hutu. In malamin da ya shekara takwas yana fitar da yara a BEPC ya ɓace aka kawo sabo, ku tambayi dalili a fili. Ku biya kuɗin makaranta da wuri, domin "iyaye ba su biya ba" ita ce hujjar farko da ake ba malami in wata ya mutu. Wanda yake zuwa gida yi wa yara darasin yamma, a yanke masa kuɗi da rana tun farko, a biya shi ko yaro ya yi fashi. In kuma kun ga an riƙe masa albashi ko takardu, ku nuna masa ofishin sufeton ƙwadago na Tawa, wani daga cikinku ya raka shi.